Ba maigida, ba takardar tuhuma: yadda mai aikin kansa ke zama alƙalin kansa

A daminar 2023 ganyen citta ya soma yin rawaya a gonakin Kudancin Kaduna, saiwar kuma tana ruɓewa a cikin ƙasa. Kafin kaka, annobar ta ratsa Kachia da Jaba da Kagarko, ta taɓa maƙwabtansu. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12. Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne daren da manomi ya kwana yana tuhumar kansa: me ya sa ya zuba duk jarinsa a gona ɗaya, me ya sa bai sayar da irin ba tun yana da daraja.

Wannan ya shafi ma'aikacin Abuja kai tsaye. Da yawa daga cikin masu jiran cika shekara 35 a aiki, ko shekara 60 a duniya, burinsu shi ne su koma gida, Kagoro ko Kafanchan, su kama noma ko saye da ajiyar amfanin gona. Sun saba da tsarin da wani ne ke auna su. Maigida yana cike takardar auna aiki, a bayar da takardar tuhuma a amsa, hutun shekara na nan a rubuce, albashi kuma yana shigowa ko wata ya yi kyau ko bai yi ba. Ran da mutum ya zama mai gidan kansa, duk waɗannan kujeru shi ke hawa, kuma sau da yawa ya fi kowane darakta tsanani, domin darakta yakan tashi aiki da yamma.

Annobar cittar ta nuna inda zargin kai ke kuskure. Cutar ba ta bambanta ƙwararre da sabon shiga ba. Ta ci gonar wanda ya gaji noman daga kakanni kamar yadda ta ci ta ɗan fansho. Akwai abin da ke hannun mutum, kamar raba jari tsakanin citta da masara da kin cin bashin da ya fi ƙarfinsa, akwai kuma wanda ba ya hannunsa. Littafin shiga da fita yana taimakawa a nan fiye da yadda ake zato, domin abin da aka rubuta a watan Afrilu ba ya canzawa saboda ɓacin ran watan Oktoba. Haka ma yanka wa kai albashi, komai ƙanƙantarsa, da ware ranar da ba a zuwa gona.

Kaɗaici ne ya fi cin mutum. Ofis, duk da gulmarsa, wuri ne na hira. A Kagoro, taron coci da masallaci da ƙungiyoyin adashi su ne ke cike wannan gurbi, sai kuma bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, inda wanda ya yi asara yakan tarar ba shi kaɗai ba ne.

Idan rashin barci da ƙin cin abinci da ƙaurace wa jama'a suka wuce mako biyu, magana ta koma ta likita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta tanadi haƙƙin masu neman irin wannan magani, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana duba marasa lafiyar da ke zuwa su koma gida a ranar.