Me Ke Sa Gaɓa Ta Sandare Bayan Ciwo Ya Warke?

A Dingyaɗi da sauran garuruwan ƙasar Boɗinga, da hunturu ya kama sai a shiga hura wuta a ɗaki ana jin ɗumi, kuma lokacin ne yara suka fi ƙonewa. Ƙunar takan warke, amma bayan 'yan watanni sai uwa ta ga hannun ɗanta ya lanƙwashe, ya ƙi miƙewa. Nan da nan wasu su ce iska ce ko sammu.

Ba haka ba ne. Tabon ƙuna ba ya da laushin fata ta asali, kuma yakan yi ta tsukewa har shekara guda ko fiye. Yaro kuwa saboda zafi sai ya naɗe hannu, don a haka yake samun sauƙi. To, a yadda ya naɗe ɗin nan tabon zai kama shi. Naman da ba a miƙewa gajarta yake yi, jijiyoyi su ɗaure, jakar da ta lulluɓe gaɓar ta yi kauri. Yatsun da suka ƙone in aka naɗe su wuri guda, suna iya mannewa da juna.

Haka ɗori yake. Karayar yaro takan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, amma sai a bar karan ɗori wata da watanni, gwiwar hannu ta sandare. Mafi muni shi ne ɗauri mai tsanani: in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka mutu, jini ne ba ya isa, a tafi asibiti a ranar.

Ko muƙamuƙi yana kullewa. Yaran da ciwon noma ya ci wa kumatu, tabo kan hana su buɗe baki, shi ya sa a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, bayan tiyata ake koya musu motsa baki.

Don Allah kada ki kama hannun yaro ki miƙe da ƙarfi, nama yagewa zai yi, tabo ya ƙaru. Kai shi sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga Sakkwato nan kusa. Za su nuna miki yadda ake miƙewa sannu sannu, sau da yawa a yini, su ba shi abin tallafe hannu da zai riƙa kwana da shi. In tabon ya riga ya ƙanƙame, sai an yi tiyata tukuna.