Kasuwar da Ake Cinikin Jifan Maki Uku

A wannan kasuwa ba buhu, ba mudu, ba ɗan dako. Hajarta tambaya ce kawai, mai amsar e ko a'a: shin ɗan wasan ƙwallon kwando Stephen Curry zai zura jifan maki uku har biyar a wasan yau? Wanda ya yarda zai zura ya sayi "e", mai shakka ya sayi "a'a". A manhajar Kalshi, kamfanin da ke New York, farashin kowace takarda daga senti 1 ne zuwa 99. Wanda ya dace ana biyansa dala ɗaya cif, wanda bai dace ba ya tashi a tutar babu. Idan "e" tana senti 60, jama'ar kasuwa na ganin yiwuwar abin ta kai kashi 60 cikin ɗari ke nan. Kamfani kuwa la'adarsa yake yanka a kan ciniki, ko wa ya ci.

Kasuwar ta fi ci da dare agogon Amurka, lokacin da ake fafatawa. Ɗan wasa ya zura biyu a zangon farko, farashi ya yi sama. Koci ya zaunar da shi a benci, farashi ya zube. Mutum na iya sayar da takardarsa tun ba a tashi wasa ba.

Me ya sa jifan maki uku ya zama haja? Saboda ya yawaita. Da gasar ƙwallon kwando ta NBA ta shata layin maki uku a kakar 1979, mai nisan mita 7.24 daga kwando, ƙungiya ba ta kai gwaji uku a wasa. Yau tana haura talatin da biyar. Curry shi kaɗai ya zura 402 a kakar 2015 zuwa 2016, Klay Thompson kuma ya zura 14 a wasa guda a 2018. Sai dai hannu ba ya da tabbas. Gwanin da ya cika kwando jiya yana iya wuni yau yana dukan ƙarfe, kuma a kan wannan rashin tabbas ɗin ake kasa kuɗi.

Masu kasuwar sun ce su ba gidan caca ba ne, wai ciniki ne tsakanin mutum da mutum, kuma hukumar tarayya ta CFTC ce ke sa musu ido. Jihohi irin su Nevada da New Jersey ba su yarda ba, har magana ta kai kotu a 2025.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren "a'a". Ba ɗan wasan da zai iya yin alkawarin zura ƙwallo, amma kowa na iya ƙin jefawa. A Janairun 2024, Jontay Porter na Toronto Raptors ya yi minti huɗu kacal a fili ya fita, ya ce idonsa ke ciwo, bai ko gwada jifa daga bayan layi ba. Waɗanda suka sa kuɗi a gidajen caca cewa ba zai zura ba suka kwashi garaɓasa. Bincike ya nuna ya tsegunta wa 'yan caca halin lafiyarsa, kuma a watan Afrilu NBA ta kore shi har abada.

A gidan caca aka yi wannan, amma tambayar da aka sayar a can ita ce ake sayarwa a nan. Mai karatu, ko wane suna aka raɗa wa kasuwar, kuɗinka ne kake ɗorawa a kan hannun wani da ba ka san abin da ya kwana da shi ba. A ganina caca ce.