Bayani A Kan Rataya Fanka A Dogayen Benayen Amurka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore iska, Ya sanya ta rahama ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan fankar sama da yadda ake rataya ta a birnin Niyu Yok, domin a ciki akwai abin lura ga malami da ɗan kasuwa.

Asalin kalmar fanka daga ƙasar Indiya ne. Can suna rataya faffaɗan mafici a rufin ɗaki, yaro ya zauna a waje yana jan igiya. A shekara ta 1882 wani Bajamushe mazaunin Amurka, Philip Diehl, ma'aikacin kamfanin keken ɗinki na Singer, ya ɗauki injin keken, ya sa masa fukafukai, ya maƙala shi a rufi. To, mafarin fankar sama ta lantarki ke nan.

Gidajen da ake zance iri biyu ne. Na farko su ne tsofaffin ma'aikatu da sito-sito, irin na unguwar Soho, waɗanda masu zane suka fara tarewa a cikinsu wajen shekarun 1960, har hukumar jihar ta yi musu doka a 1982. Rufinsu yakan kai ƙafa 12 ko fiye. Na biyu su ne benayen tarayya masu hawa da yawa, inda kowa ya mallaki sashensa kurum, amma ginshiƙai da kankaren da ke tsakanin hawa da hawa na jama'ar gidan ne duka.

A gida na farko wahalar ita ce tsawo. Fankar da ta manne da rufi mai nisa ba ta kai iska ga mai zama a ƙasa. Saboda haka sai a sa mata doguwar sandar ƙarfe, a sauko da ita har fukafukan su tsaya ƙafa 8 ko 9 daga daɓe. Ba a yarda su kasa ƙafa 7 ba, don kada su sari mutum, kuma ana barin inci 18 tsakaninsu da bango.

A gida na biyu wahalar ta fi haka girma, gama rufin wani daɓen wani ne. Wasu daga cikin waɗannan benaye an ratsa kankarensu da igiyoyin ƙarfe, aka ɗame su da inji bayan kankaren ya sandare, kowace igiya tana riƙe da ja na fiye da tan 10. Su ke ɗauke da nauyin hawan. Idan mai huda ya tsinka ɗaya, tana iya fasa kankare ta fito da ƙarfi, ta raunata mutum, ta raunana ginin. Akwai kuma wayoyin lantarki a binne. Don haka ba a sa mahudi sai da izinin kwamitin masu gidan, kuma sau da yawa sai an kira gwani ya haska kankaren da na'ura, ya shata wuraren da babu haɗari. Haka kuma ana nisanta fanka da bakin famfon kashe gobara da ke cikin rufi, don kada ta tare masa ruwa ranar bukata.

Sai maganar maratayi. Akwatin da aka yi domin ƙwan fitila ba ya ɗaukar fanka, domin fitila tana rataye ne shiru, ita kuwa fanka tana girgiza dare da rana har kusoshi su saki. Ƙa'idar lantarki ta Amurka ta wajabta akwati na musamman. Idan fanka ta wuce laba 35, wato kilo 16, sai an rubuta a jikin akwatin nauyin da zai iya. Idan ta wuce laba 70, sai a ɗaure ta da jikin ginin kansa.

Malamai za su gane cewa wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce. A cikin Risala, Ibnu Abi Zaid ya yi maganar gida mai sama da ƙasa, ya ɗora gyaran ƙasa da itacen rufi a kan mai ƙasa. Manufar ita ce kada ɗayansu ya cuci ɗan'uwansa. Wanda ya huda rufi ba da sani ba don neman sanyin kansa, ya sa iyalin maƙwabci cikin haɗari, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Me ya sa mutane suke jure wannan ɗawainiya? Saboda arha. Fanka takan ci wuta kamar wat 75 ko ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki kuwa takan ci wat 1,000 ko fiye. Amma a sani, fanka ba ta rage zafin ɗaki. Gumin jiki take busarwa, mutum ya ji sanyi. Barin ta tana juyi a ɗakin da ba kowa almubazzaranci ne. Da hunturu kuma sukan juya ta baya a hankali, ta sauko da ɗumin da ya taru a sama.

Ɗan kasuwa mai sayar da fanka, ko a wane gari yake, ya kamata ya tambayi mai saye tsawon rufinsa da abin da zai rataya ta a kai, ya gaya masa nauyinta da gaskiya. Mai gini kuma ya binne ƙugiya tun ranar zuba kankare, don rigakafi ya fi magani. Abin da ke juyi a kan yara suna barci amana ne a wuyan wanda ya sayar da wanda ya ɗaura.

Allah Ya tsare mu daga cutar da maƙwabci, Ya sanyaya mana duniya da lahira. Amin. Wassalamu.