Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Darasi Daga Dattawan Da Ke Tafiye-Tafiyen Neman Sani

A shekarar 1975, wasu manyan makarantu guda biyar a jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka suka buɗe ɗakunan kwanan ɗalibansu a lokacin dogon hutu, suka karɓi wasu irin ɗalibai da ba a saba gani ba. Su 220 ne, kuma an tsara shirin ne domin waɗanda suka kai shekara sittin. Dattawan nan sun kwana a gadajen ɗalibai, sun ci abincin da ɗalibai ke ci, sun shiga aji sun saurari lacca, sannan aka zagaya da su wuraren da laccar ta ambata. Ba a yi musu jarrabawa ba, ba a kuma tambayi kowa takardar makarantar da ya gama ba.

Mutum biyu ne suka ƙirƙiro wannan shiri da suka sa wa suna Elderhostel. Na farko, Martin Knowlton, ya shafe shekara huɗu yana zaga ƙasashen Turai da jaka a baya, yana kwana a masaukai masu araha da aka tanada domin matasa, alhali ya haura shekara hamsin. A ƙasashen arewacin Turai ya ga irin makarantun nan na manya, waɗanda asalinsu ke komawa ga ƙasar Danmak tun 1844, inda ake karatu don sanin kawai, ya kuma ga yadda tsofaffi ke shiga ana damawa da su. Na biyu, David Bianco, shi ke kula da masaukan ɗalibai a Jami'ar New Hampshire, don haka ya fi kowa sanin yadda ɗakuna ke zama fayau idan an tafi hutu. Ɗaya ya zo da tunani, ɗaya yana riƙe da makulli. Kafin 1980 ta ƙare, masu shiga shirin sun kai dubu ashirin, ya kuma bazu a jihohi hamsin na Amurka. A 1981 aka fara fita da su ƙasashen waje. Tun 2010 ƙungiyar take amfani da sunan Road Scholar, hedikwatarta tana birnin Boston, kuma har yau ba ta neman riba ba ce.

Na kawo wannan tarihi ne domin a cikinsa akwai wata tambaya da ta shafe mu: me ake yi da ƙwaƙwalwar mutum bayan an sallame shi daga aiki?

Yadda Tafiyar Take

Wanda ya yi rajistar irin wannan tafiya, tun kafin ranar tashi ake aiko masa da sunayen littattafan da zai iya dubawa. Kuɗin da ya biya sun haɗa da masauki da yawancin abinci da mota da laccoci, saboda kada dattijo ya riƙa ciniki a kowace ƙofa. Rukuni yana da jagora mai kula da hidimar tafiya, sannan akwai masani na musamman, sau da yawa malamin jami'a ko ɗan garin da ya san abin da ake zuwa gani. Da safe a yi darasi, da rana a je a ga abin da ido, da dare a zauna kan abinci a tattauna. Idan an yi bayanin wani yaƙi da hantsi, kafin la'asar ƙafar mutum tana kan filin da aka gwabza shi. Gani ya kori ji ke nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin shi ne yadda ake girmama jikin tsoho ba tare da an raina hankalinsa ba. Kowace tafiya an bayyana nauyinta tun farko: nawa za a taka a ƙasa a wuni, ko akwai hawan bene, ko za a daɗe a tsaye. Mai ciwon gwiwa ya zaɓi wadda ta dace da shi, mai sauran ƙarfi ya zaɓi ta hawan dutse. A tafiye-tafiye da yawa akan ba kowa 'yar na'urar da zai maƙala a kunne, yadda muryar malami za ta iske shi ko da yana can baya yana jan ƙafa. Mai karatu zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. To, amma duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa taro, ya ga yadda yake gyaɗa kai alhali bai ji abin da aka faɗa ba don kunyar cewa a maimaita, ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Abin Da Suke Samu

A lokacin da nake karatun digirin digirgir a Ingila, an taɓa gayyata ta in yi wa wani rukunin dattawa masu irin wannan tafiya bayani kan tarihin kasuwancin Kano. Shekaruna da dama ina koyarwa a jami'a, amma ban taɓa tsayawa gaban ajin da ya matse ni da tambayoyi kamar wannan ba. Babu wanda ya tambaye ni ko abin da na faɗa zai fito a jarrabawa. Da na ambaci isowar layin dogo Kano a 1911, wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa dukan rayuwarsa ya ɗaga hannu ya yi mana bayanin dalilin da ya sa Turawan mulkin mallaka suka zaɓi siririn layi mai faɗin ƙafa uku da inci shida: ya fi arahar shimfiɗawa, ya kuma fi sauƙin lanƙwasa a kwana. Da na zo kan marinar Ƙofar Mata, wata tsohuwa da ta koyar da ilimin sinadarai a sakandare ta warware mana yadda zane ke fitowa kore daga ramin baba, sannan ya koma shuɗi idan iska ta buge shi. Na shiga ɗakin a matsayin malami, na fito da takarda cike da abin da aka koya mini.

Wannan shi ne amfani na farko. Tsoho ba ya zuwa aji hannu rabbana. Yana zuwa da shekara arba'in na aiki da gogayya, kuma duk sabon abin da ya ji yana da inda zai rataye shi. Saurayi kan haddace, dattijo kuwa kan auna abin da aka faɗa masa da abin da ya gani a rayuwa.

Amfani na biyu shi ne abokan tafiya. Mafi yawan masu zuwa su kaɗai mata ne, da yawansu mazajensu sun rasu, 'ya'ya kuma sun watse neman na kansu. Mace mai shekara saba'in da ba za ta iya ɗaukar jaka ta shiga baƙuwar ƙasa ita kaɗai ba, a cikin rukuni tana da wanda zai ƙirga ta idan an shiga mota, da wanda za ta ci abinci tare da shi. Ita wancan tsohuwar malamar ta gaya mini cewa tun da mijinta ya rasu, a irin wannan tafiya ce kawai ake tambayar ta ra'ayinta kan wani abu, a gida kuwa lafiyar jikinta kaɗai ake tambaya. Har yau maganar nan tana raina.

Tun 1985 kuma aka ƙara wani tsari inda kaka ke tafiya da jikansa, ba tare da iyayen yaron ba, su yi mako guda suna koyon abu ɗaya tare.

Ba Duka Ne Zuma Ba

Tafiyar tana da nata ɗacin. Rukuni yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa, kuma wannan kan jawo gunaguni tsakanin mai ƙarfi da mai rauni. Akwai wanda ke ɓoye ciwonsa lokacin rajista don kada a hana shi zuwa, sai an yi nisa ya zama nauyi ga kowa. Mai ciwon suga da mai hawan jini suna fama da sauyin abinci da sauyin lokacin shan magani. Wanda ya tafi shi kaɗai kuma yake son ɗakinsa daban, galibi sai ya ƙara kuɗi. Ga kuma dattijon da ya saba ba da umarni a ofis, yanzu an ce masa mota za ta tashi ƙarfe takwas, ko da shi ko ba shi.

Babbar matsalar dai ita ce kuɗi. Shirin da ya fara da gadon ɗalibai da kuɗi kaɗan, a yau yawancinsa a otal-otal ake sauka, har da jiragen ruwa na alfarma. Ƙungiyar tana ba da tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, amma duk da haka mai fansho mai kauri ne ya fi cin moriya. Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanyar. A Faransa, Farfesa Pierre Vellas ya buɗe wa tsofaffi ƙofar jami'a a birnin Toulouse a 1973. A Ingila, tun 1982 dattawan da kansu suke haɗuwa, wanda ya san abu ya koya wa 'yan'uwansa, gobe shi ma ya zauna a koya masa, babu albashin malami balle kuɗin makaranta mai yawa. A Sifaniya kuwa, tun 1985 gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗin tafiyar 'yan fansho a watannin da baƙi ke ƙaranci, tsofaffi su samu fita, ma'aikatan otal su tsira da aikinsu.

Ina Namu Dattawan?

Neman ilimi ta hanyar tafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Abubakar Imam, da ya dawo daga Ingila inda ya je a 1943, littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Iyayenmu da ke zuwa aikin Hajji su ma suna ɗanɗana irin wannan idan aka kai su ziyara Uhudu da Masallacin Ƙuba, kuma duk wanda ya saurari tsohon alhaji ya san labarin wuraren nan ba ya fita bakinsa har ƙarshen ransa. Sai dai mun bar tafiyar neman sani ga almajiri da ɗalibi, kamar idan furfura ta fito an rufe littafi.

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ajiye aiki idan ya cika shekara sittin da haihuwa ko 35 yana aiki. Wanda ya fara aiki da wuri, yana da hamsin da 'yan kai za a sallame shi, da lafiyarsa da kaifin hankalinsa. Daga nan sai zaman majalisa a ƙofar gida daga hantsi zuwa azahar, sai ɗaurin aure da jana'iza. Na ga tsofaffin shugabannin makarantu da injiniyoyi da ma'aikatan jinya suna dusashewa cikin 'yan shekaru, babu wata cuta da likita zai nuna, illa dai babu mai neman abin da ke cikin kansu.

Na san abin da wani zai ce: mutumin da ke bin garatutinsa shekara da shekaru, wa zai yi masa zancen yawon buɗe ido? Ga kuma hanyoyin da ba a bi sai da addu'a. Gaskiya ne, kuma biyan haƙƙin 'yan fansho yana gaba da duk abin da na faɗa. Amma mu tuna cewa Elderhostel ba da jirgin sama ya fara ba. Da ɗakunan da babu kowa ciki ya fara, da malaman da ke hutu, da wuraren da ke kusa. Duk ukun muna da su.

Dattijo nawa ne a Kano suka shekara sittin suna wucewa ta gaban Gidan Makama ba su taɓa shiga ba? Nawa ne a Kaduna suka san irin takardun tarihi da ke ajiye a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna? Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ga Hubbaren Shehu a Sakkwato, ga kayan tarihin Nok a gidan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952. Mazaunin kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan zai iya zuwa ya dawo gida kafin magariba.

Shawarata ga jami'o'inmu, musamman sassan da ke kula da ilimin manya, ita ce su haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan fansho su gwada da abu kaɗan: mutum ashirin, mota ɗaya ta jami'a, kwana uku a lokacin hutu. A yi lacca da Hausa da safe, a fita da hantsi kafin rana ta take, a tanadi wurin sallah da kewaye mai tsabta da kujerun hutawa, a tafi da ma'aikacin jinya. A ware rukunin mata da malama mace, domin iyayenmu mata su ne aka fi mantawa da su. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda doka ta kafa, nan ne wurin da ya dace ta sa hannu. 'Ya'yan da ke da hali kuwa, kuɗin shaddar Sallah ɗaya zai iya biya wa mahaifi irin wannan fita.

Ribar ba ta tsaya ga dattawan ba. A cikin motar nan za a samu wanda ya yi dako a dalar gyaɗa, da wanda ya yi malanta a ofishin En'e, da wadda ta yi aiki a masaƙun Kaduna lokacin da suke raye. Idan aka sa ɗaliban tarihi biyu su raka su da na'urar ɗaukar magana, abin da jami'a za ta kwaso ya fi kuɗin man da ta ƙona. Kowace shekara muna binne irin waɗannan mutane da abin da suka sani, sannan mu koma muna neman tarihinmu a rahotannin da Turawa suka bari.

Mu da muke tsakiyar aiki a yau, gobe mu ne a dakalin. Irin gurbin da muka yi wa iyayenmu, shi za mu tarar. Allah Ya ba dattawanmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.