Ciwon Sanyin Haƙarƙari: Yadda Yake Kama Huhu

Jama'ar Attantane da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, hunturu lokaci ne na ƙura da tari. Yawancin tarin yara mura ce, tana wucewa. Amma akwai wanda ke sauka cikin huhu. Shi ne ciwon sanyin haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000.

Me ke kawo shi?

Ba sanyi kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ido ba ya gani. Suna yaɗuwa ta tari da atishawa. Sun fi cin ƙarfin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana. Ƙura da hayaƙin kara a ɗaki su ma suna buɗe musu hanya.

Yadda yake aiki a jiki

Cikin huhunmu akwai ƙananan jakunkuna masu yawa, kamar saƙar zuma. Idan muka shaƙi iska, nan take shiga, ta wuce cikin jini. In ƙwayoyin cuta sun isa can, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Iska ba ta samun wuri. Shi ya sa yaro ke numfashi da sauri, yana neman abin da ya rasa.

Mu ƙidaya numfashin yaro na minti ɗaya, yana kwance ba ya kuka. Akwai haɗari idan ya kai:

60 ga jariri ɗan ƙasa da wata 2;
50 daga wata 2 zuwa wata 11;
40 daga shekara 1 zuwa shekara 5.

In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, mu kai shi gidan likita a ranar. Tsaga ko ƙaho ba sa fitar da mugunyar huhu. Maganin amokisilin yana kashe wasu daga cikin ƙwayoyin, muddin an ba da shi har ƙarshen kwanakin da likita ya faɗa.

Wani ciwon huhu na gado

Akwai kuma ciwon majina mai kauri, wanda aka fi samu a ƙasashen Turai. Ba a ɗaukarsa daga wani. Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu, kamar amosanin jini. An gano tushensa a shekarar 1989. Majinar yaron takan yi danƙo, ta toshe hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su zauna ciki. Sai namoniya ta yi ta dawowa. Yaron ba ya ƙiba, guminsa kuma yana da gishiri sosai. Saboda haka, in ciwon huhu yana yawan komo wa yaro, mu gaya wa likita.

Rigakafi

Nijar ta fara allurar rigakafin namoniya a shekarar 2014. Ana yi wa jariri sau uku: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Mu ba jariri nono zalla har wata 6. Mu nisanta shi da hayaƙin murhu. Mu riƙa wanke hannu da sabulu. Rigakafi ya fi magani.