Tasirin Iska a Kan Farauta a Ƙaramin Kurmi

Farauta tana daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa. Akwai ta gayya, wadda ake fita da karnuka da sanduna, akwai kuma ta maharbi, wanda yake fita shi kaɗai da kwari da baka ko bindiga. A wannan darasi za a dubi yadda iska take shafar aikin maharbi idan ya shiga ƙaramin kurmi neman gada ko mazo.

Waɗannan namun daji sun dogara ƙwarai da hancinsu wajen tsare rayukansu. Maharbi yana iya ɓoye jikinsa, har yakan ɗaura kan burtu ya riƙa sunkuyo kamar tsuntsu, amma ba ya iya ɓoye warin jikinsa. Don haka ƙa'idar sanɗa ita ce iska ta riƙa busowa daga wajen dabba zuwa wajen maharbi. Idan ta juya, dabba za ta shinshino shi tun bai gan ta ba.

A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Sai dai a cikin kurmi itatuwa sukan karya ta, ta riƙa kewaye. Haka kuma inda akwai kwari, iska takan hau tudu da hantsi idan ƙasa ta ɗumama, ta gangaro da almuru idan ta huce. Wannan ne ya sa maharbi yakan ɗebi toka ko ƙura ya saki a hankali, domin ya ga inda ta nufa.

Matsalar ta fi tsanani a ƙaramin kurmi, saboda wari yakan game shi cikin ɗan lokaci, dabbobi su fice, wani lokaci su daɗe ba su dawo ba. Idan iska ba ta yi daidai ba, maharbi yana da zaɓi uku. Na farko, ya kewaya ta waje ya shiga ta gefen da iska za ta bugi fuskarsa. Na biyu, ya yi kwanto a bakin kurmi kusa da hanyar mashaya, inda warinsa zai tafi fili. Na uku, ya haƙura ya koma gida, domin kuskuren yini ɗaya yana iya jawo asarar kwanaki. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Haka take yi wa maharbi maras haƙuri.

Ya kamata malami ya tunatar da ɗalibansa cewa doka ta hana farauta a gandun daji irin na Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956.

Aiki: Nemi wani maharbi a garinku, ka tattaro kalmomi goma da yake amfani da su game da iska da sanɗa, sannan ka bayyana ma'anarsu.