Shimfiɗar Dutse da Jinka a Ƙaramin Samfurin Gini

Gabatarwa

Samfurin gini shi ne ɗan ƙaramin kwaikwayon gida ko gari da ake ɗorawa a kan katako domin nazari. A wannan rubutu zan bayyana kayan da ake yin hanyar dutse da rufin ɗaki da su, kuma na ɗauki Sukur a matsayin misali. Sukur tana kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali, arewa da Mubi. A shekarar 1999 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya. Ta shahara da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse har zuwa fadar Hidi, wato sarkinta.

Ma'auni

Kafin a taɓa kaya sai an tsayar da ma'auni. Idan santimita 1 na wakiltar santimita 50, ƙofa mai tsawon mita 2 za ta koma santimita 4, dutse mai faɗin santimita 30 kuwa milimita 6. Duk abin da ya wuce haka zai ɓata kamannin aikin.

Shimfiɗar Dutse

Hanya mafi sauƙi ita ce a tankaɗe tsakuwar rafi da rariya, a tsince masu faɗi, a liƙa su da jiƙaƙƙen ƙaro. Ni na fi son yumɓu: a shimfiɗa shi, a zana tsagar duwatsu da tsinke, a shanya a inuwa, domin rana na fasa shi. Kwalin ƙwai ma yana yi, saboda kaushinsa ya yi kama da na dutse. Daga nan sai a shafa toka da garin gawayi don launi.

Rufi

Ciyawar jinka ta gaske ta yi kauri a wannan ma'auni. Saboda haka sai a warware zaren buhun algarara, a yanta shi kamar yadda ake yanta ciyawa. Da tsinken tsintsiyar kwakwa ake haɗa tsaiko, a yi masa tanka da zare. Baibaya kuwa daga ƙasa ake fara ta zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasansa, kamar dai a ɗakin gaske.

Kammalawa

Me ya haɗa ɗalibin harshe da wannan aiki? Yayin da kwano ke maye gurbin jinka, kalmomi irin su tsaiko da tanka da yanta da baibaya suna fita daga bakin matasa. Wanda ya ɗaura tanka da hannunsa ba zai nemi ma'anarta a ƙamus ba, domin gani ya kori ji. Ina ba 'yan uwana ɗalibai shawara mu riƙa haɗa irin wannan samfur, mu rubuta sunan kowane sashe a jikinsa da Hausa, har ma da Fulfulde da sauran harsunan yankinmu.